Motar da Aka Durƙusar: Ina Iyakar Ikon Mutum a Kan Abinsa?

A wata babbar salla ta baya-bayan nan, wani tsohon ɗalibina ya tashi daga Maraɗi zai je gida yin salla a wani ƙauye na karkarar Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji. Yaro ne da na koya wa Faransanci shekara huɗu a kwaleji. Bai yi nisa a karatu ba, amma Allah ya buɗa masa a sana'ar sayar da wayoyin salula, har ya mallaki mota tun bai cika shekara talatin ba. Motar ƙarama ce, ƙirar Japan, irin waɗanda ake kawo mana bayan sun gama aikinsu a Turai. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne aikin da ya sa aka yi mata: an rage mata tsawo har cikinta ya kusa shafar ƙasa, an cire ƙafafunta na baƙin ƙarfe an sa mata wasu manya masu walƙiya, da tayoyi marasa kauri kamar an zana su da alƙalami. Muddin yana bisa kwalta, daga Maraɗi har ya wuce Tsibiri, lafiya lau. Da ya sauka ya kama hanyar ƙasa, bai yi nisa ba cikin motar ya dafe a kan tudun rairayin da ke tsakanin sawun ƙafafun amalanke, tayoyin suka riƙa juyawa a banza. Aka taru aka turo ta baya, ya bar ta a gindin wani gawo a hannun mai shayi, ya ƙarasa gida a kan kabu-kabu, da babbar rigarsa ta shadda da tsarabarsa a cinya.

Da a nan labarin ya tsaya, da abin dariya ne kawai na ƴan kwanaki. To, a daren salla na biyu naƙuda ta tsananta ga matar yayansa, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a nufi likita. A gidan akwai mai mota, maɓallinta na cikin aljihunsa, amma motar tana can gindin gawo. Sai aka ɗaura wa shanu amalanke, aka shimfiɗa tabarma da katifa, aka tafi da ita cikin dare, shi kuma yana biye a ƙasa yana haska hanya da fitilar wayarsa. Bari in faɗa tun da wuri: ba wanda ya mutu. Uwar ta sauka lafiya, jaririyar tana nan da ranta. Na faɗi haka ne domin ba na son in jingina hujjata da gawa, kamar yadda masu wa'azi da labari suka saba, su kashe wani a ƙarshen zance don a yarda da su. Abin da ya biyo baya shi ne magana. Tsofaffi suka ce yaro ya sayi abin da ba ya zuwa gidan ubansa. Samari tsaransa suka ce dukiyarsa ce, guminsa ne, ko a kan rufin ɗaki ya ga dama ya ɗora ta. Wannan saɓani shi ne na ga ya cancanci mu malamai mu tsaya a kansa, domin kuwa tambayar ta girmi mota: shin mallakar abu tana ba mutum ikon rage masa amfani don ya ƙara masa kyau, alhali akwai waɗanda suke sa rai da amfanin nan?

Kafin a yi hukunci ya kamata a san abin da ake yi wa motar, don da yawa daga cikin masu zargi ba su taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba. Jikin mota ba ya zaune kai tsaye a kan ƙafafunta. Tsakaninsu akwai ƙarfe mai lanƙwasa da miƙewa, wanda makanikanmu ke kira rasor, na ƙetaren iyaka kuma su ce sifirin, sannan akwai abin da ke kashe rawar wannan ƙarfe, amortiser a bakin namu, shokozoba a bakin na Katsina da Kano. (A gareji guda a Maraɗi za ka ji sunayen duka biyu cikin jimla ɗaya, abin da ya isa malamin harshe ya yi darasi a kansa.) Idan taya ta faɗa rami, waɗannan su ne ke shanye bugun kafin ya kai ga ƙashin bayan fasinja. Mai son durƙusar da mota yana da hanya biyu. Ta farko, ya sayi gajerun rasor masu tauri da aka ƙera don wannan aiki, tare da amortiser da suka dace da su. Wannan tana da tsada. Ta biyu, wadda aka fi bi a wurinmu saboda arha, a ciro na asali a datse masu gaɓa ɗaya ko biyu da injin yankan ƙarfe, ko a gasa su da wutar walda har su saki. Ƙaramar mota tana fitowa daga masana'anta da tazarar da ba ta wuce santimita 13 zuwa 16 ba tsakanin cikinta da ƙasa. Idan aka rage 4 ko 5, abin da ya saura bai kai tsawon tafin hannu ba. A cikin wannan ƴar tazara ne tukunyar man inji da bututun hayaƙi suke rataye.

Haka batun ƙafafun. Tayar da aka saba gani a irin waɗannan motoci an rubuta mata 195/65 R15, wato faɗinta milimita 195, kaurin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, kusan milimita 127 ke nan, a kan janti mai inci 15. Mai ado yakan koma ga 225/40 R18. Da'irar ƙafar gaba ɗaya kusan ɗaya ce da ta farko, sai dai ƙarfe ya ci wurin roba, gefen tayar ya koma milimita 90. Waɗannan milimita 37 da suka tafi iska ce, iskar nan kuwa ita ce matashin farko tsakanin mota da rami. Jantin baƙin ƙarfe idan ya bugi dutse lanƙwasa yake yi, mai faci ya daddage da guduma ya miƙar da shi a bakin hanya. Na alminiyam sau da yawa tsagewa yake yi. Kuma kowane direban daji ya san cewa idan rairayi ya yi yawa sai a rage wa taya iska don ta baje ta hau bisa. Tayar da ba ta da gefe ba ta da abin ragewa. Ba zan ɓoye amfanin aikin ba: motar da cibiyar nauyinta ta sauka ba ta yawan karkata a kwana, kuma tana amsa sitiyari da sauri. Daga filin tseren motoci dabarar ta fito, a can kuwa tana da ma'ana. Sai dai filin tsere shimfiɗe yake kamar faranti, hanyar ƙasa mai lamba 1 kuwa, daga Gidan Rumji zuwa Agye da Gazawa, kusan kowane gari da ta ratsa yana da tudun rage gudu, wanda Faransawa suka raɗa wa suna bayan jaki.

Abin da ya sa motar yaron ta zama abin kallo shi ne ta juya wa tarihin mota a ƙasar nan baya. Mu abin da muka gada shi ne ɗaga mota. Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, kuma aka riƙa haɗa ta a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, ta yi sarauta a hanyoyinmu ne saboda tsayin cikinta da haƙurin ƙafafunta. Akori-kurar 404 da 504, da Hilux da ta gaje su, ba su shiga layin kasuwannin ƙauye sai an kai su gareji an ƙara masu ganyen rasor a baya, wani lokaci har a cusa guntun taya a tsakani. Faransawan ma da suka koya mana mota sun san wannan buƙata a gidansu: lokacin da kamfanin Citroën ke shirya 2CV, wadda ta fito a 1948, sharaɗin da aka gindaya wa injiniyoyi shi ne manomi ya ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai a cikinta ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. Mota ce da aka auna ta da ƙauye.

A nan ne kuma nake ganin masu zargi ya kamata su sassauta murya. Ƙarin ganyen rasor shi ma sauya halittar mota ne, ba da izinin wanda ya ƙera ta ba. Ana yin sa ne don a ɗora wa motar da aka yi don ɗaukar tan guda buhunan gero da na aya har su fi gidan direba tsawo, sannan mutum ashirin su hau bisa, ƙafafunsu na lilo. Rasor ya ƙaru, amma birki yana nan yadda yake, tayoyin ma tsofaffi ne da aka sayo a gwanjo, cibiyar nauyi kuma ta haura sama. Wanda ya taɓa bin hanyar Cadawa zuwa Agye ranar kasuwa ya san yadda irin wannan mota take tangaɗi, kuma kusan kowane gida a jahar nan yana da wanda ya rasa ko ya naƙasa a cikinta. Amma ban taɓa jin an kira mai ita mashiririci ba, sai dai a ce mai neman na kansa ne. Motar da aka durƙusar, galibi mai ita take cuta a aljihu; wadda aka ɗaga ta wuce kima, fasinja take kashewa. Ashe idan haɗari ne ma'auninmu, mun kama ƙaramin mai laifi mun bar babba. Gaskiyar ita ce muna yafe wa wanda ya ɓata abu don riba, muna tsananta wa wanda ya ɓata shi don ado, kamar dai neman kuɗi yana wanke komai, neman kyau kuwa abin kunya ne.

Shin ado abin kunya ne a wurin Bahaushe? Wanda ya ga hawan salla a Tsibirin Gobir ko a fadar Katsinar Maraɗi ba zai ce haka ba. Doki guda yakan ɗauki kayan da suka fi kuɗin gonar talaka: sirdi mai aiki, jalala mai zare kala-kala, likkafar tagulla, layu da tuntaye har idon dabbar da ƙyar ake gani. Zanen da magina ke yi a fuskar soro ba ya hana ruwa zuba, aikin allurar da ke wuyan riga ba ya maganin sanyi, amma ba wanda ya ce a daina. Malaman usulu ma sun ba ado gurbinsa. Imam Shaɗibi, Ba'andalushen malamin Malikiyya da ya rasu a 1388, ya bi tsarin da ya kasa maslahar ɗan Adam hawa uku: abin da rayuwa ba ta tsayuwa sai da shi, abin da rashinsa ke jawo ƙunci, da abin da ke ƙawata rayuwa. Hawa na uku halal ne, abin so ne ma, sharaɗinsa guda: kada kiyaye shi ya rushe na ƙarƙashinsa. Wannan sharaɗi mahaya sun riƙe shi ba tare da sun karanta littafi ba. Duk kayan da aka jibga wa doki a bisa ake ɗora su, idan salla ta wuce a kwance a adana, doki ya koma doki. Ba a taɓa jin bardan da ya rage wa dokinsa ƙafa don ya fi kyau a idon ƴan kallo ba. (Ban manta da linzami mai kaifi da ke fasa bakin dabba don ta yi rawa a gaban sarki ba, kakanninmu ma ba su kuɓuta sarai ba.) Saboda haka bambancin da nake gani yana tsakanin adon da ake ɗorawa a kan amfani da adon da ake yankowa daga jikin amfani. Janti mai walƙiya wanda girmansa ya yi daidai da na asali yana cikin kashi na farko. Rasor da aka datse yana cikin na biyu.

Wani masanin tattalin arziki na Amurka, Thorstein Veblen, ya nuna tun a 1899 cewa akwai kayan da darajarsu a idon jama'a take fitowa daga rashin amfaninsu, domin mai su yana shelar cewa ya fi ƙarfin aikin wahala. Mun san wannan a gida: dogon farce a ɗan ƙaramin yatsa, farar shadda mai sitati da ba a shiga gona da ita. Motar da cikinta ke shafar ƙasa magana take yi, tana cewa mai ni ba ya bin hanyar amalanke. Roland Barthes, wanda muke karanta wa ɗaliban lise, ya kwatanta motar zamani da manyan majami'un Turai na da, a rubutunsa na 1957 a kan Citroën DS, wato abin da al'umma ke kallon kanta a cikinsa. Abin sha'awa, ita DS ɗin nan ta 1955 tana da wata dabara ta matsin mai da iskar gas wadda direba ke ɗaga ta ko ya sauke ta daga mazauninsa. Injiniyoyin sun ba ta kyan mai durƙuso ba tare da sun hana ta miƙewa ba.

Ya kamata kuma a yi wa al'adar adalci a inda ta fito. Bayan yaƙin duniya na biyu, matasa ƴan asalin Meziko da ke zaune a Los Anjalas, waɗanda ake yi wa kallon baƙi a garin da aka haife su, suka riƙa sayen tsofaffin motoci suna durƙusar da su, har da buhunan rairayi a but, suna tafiya sannu a hankali a titi cikin fenti mai ɗaukar ido. Ba gudu suke nema ba, so suke a gan su. A 1958 jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana duk motar da aka sauke wani sashenta ya yi ƙasa da bakin janti. A shekarar da ta biyo wani matashi mai suna Ron Aguirre ya ɗaura wa motarsa famfunan mai na jiragen sama, yana ɗaga ta idan ya hango ƴan sanda, yana sauke ta idan ya wuce. Sai a farkon 2024 aka ɗage haramcin. A wurin waɗannan mutane motar da aka durƙusar tutar mutunci ce ta wanda aka raina. Ban ga dalilin da zai sa in hana ɗan Gidan Sori irin wannan ƙishirwa ba. Yaron da ya taso yana kiwon awaki ba takalmi, aka yi masa dariyar ƙauyanci ranar da ya fara shiga kwaleji, yana da abin da yake son faɗa wa birni. Sai dai na Los Anjalas a kan titi mai santsi suke zaune, da asibiti da motar ɗaukar maras lafiya a unguwa. Motarsu ba ita ce kaɗai a nisan tafiyar yini ba. Hoton ya ƙetaro teku ya shigo wayoyin yaranmu, titin da asibitin suka tsaya a can.

Bayan salla da ƴan makwanni na tarar da shi a fadarsu, a wata unguwa ta Maraɗi, suna dafa shayi. Ya tashi ya ba ni kujera, aka miƙo mini kofin farko. Da na taɓo zancen sai ya yi shiru, sannan ya ce: "Mushe, ku ma abin da kuka ji ke nan? To, bari in gaya muku abin da ba a faɗa. Wannan ba ita ce motata ta farko ba. Ta farkon doguwa ce, ba inda ba ta shiga. Shekara biyu ta yi a hannuna, ban san ranar da na kwana da ita ni kaɗai ba. Yau kawu zai kai gero kasuwa, gobe za a ɗauko amarya, jibi rago ne za a kai wa wani a birni. Ba wanda ya taɓa zuba mata mai na jika guda. Ranar da injinta ya buga, waɗanda suka fi hawanta su ne suka ce ban iya riƙon abu ba." Na ce masa: "To, ɗana, da ka sa aka sauke wannan, ka san ba za ta je gida ba?" Ya dubi garwashi ya ce: "Na sani, Mushe. Kyanta na so, wallahi. Amma na sani."

Wannan amsa ita ce ta sauya mini tambayar. Na zo da shirin yin muhawara a kan ado da almubazzaranci, sai na tarar da wani abu dabam a ƙarƙashi. A ƙasarmu mai abu ba ya iya cewa a'a. Ƙaramin da ya ce wa kawunsa ba zan ba da mota ba ya yi abin da za a riƙa tunawa har ranar auren ƴaƴansa. Saboda haka muka ƙware a ƙin da ba a furtawa: ba mai, taya ta yi faci, takardu suna wurin jandarma, direba ya yi tafiya. Yaron nan ya sami uzurin da ba ya ƙarewa, ya sa mai walda ya rubuta masa a'a a jikin ƙarfe, ta yadda duk wanda ya zo aro zai duba da idonsa ya ga ba hali, ba wanda ya ƙi, ba wanda aka ƙi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Shi kuwa ya rage wa zumuntar ƙafa, ya ce laifin hanya ne. In kuwa za a bi gaskiya, ni mai wannan rubutu ina da babur, kuma na sha cewa ba mai alhali tanki na cike. Laifi tudu ne.

Ina ganin yana da gaskiya a wuri biyu. Dangin da ke ɗaukar dukiyar ɗansu kamar rijiyar gari, kowa ya ja ba mai yasa, su ne suka fara karya zumuntar, don aro da ba ya tare da kula zalunci ne mai sanye da rigar ƴan'uwantaka. Ƙungiyoyinmu na al'adu sun iya yabon taimakon juna a taro, ba su cika faɗin nauyin da yake ɗora wa mutum guda da ya ɗan ɗago a cikin gida mai mutum arba'in ba, har matasa da yawa suka gwammace su yi arzikinsu nesa, inda ba a san su ba. Na biyu, ba aikin ɗan kasuwar waya ba ne ya zama motar asibitin karkara. Idan mace mai naƙuda tana hawan amalanke da dare a ƙarni na 21, tambayar farko ta hanya ce da ta motar ɗaukar marasa lafiya, kuma ba ga mai ƙaramar mota ya kamata a fara miƙa ta ba. Al'ummar da ta ɗora wa saurayi guda abin da ya kamata haraji ya yi, sannan ta zage shi da ya kauce, ta sauƙaƙa wa kanta hisabi.

Duk da haka ban wanke shi ba. Akwai sashen da ba ya buƙatar dogon tunani: rasor da aka datse yana iya zamewa daga mazauninsa idan mota ta yi tsalle, wanda aka gasa da wuta ƙarfensa ya mutu yana iya karyewa, janti da ramukan notinsa ba su yi daidai da na motar ba, aka tilasta shi da ƴan ƙarafan cike giɓi na arha, yana iya kwancewa ana cikin gudu. Ƙafar da ta fice ba ta tambayar wa ya biya kuɗinta kafin ta faɗa kan mai tallan ƙosai. A nan maganar "abina ne" ta ƙare, domin hanya ta kowa ce. Sashe mai wuya shi ne ɗayan. A ce ya yi aikin da kaya masu kyau, ba haɗari ga kowa. Shin da saura laifi? Ina ganin da saura, kuma ga inda yake. A'ar da mutum ya faɗa da bakinsa tana da ido: tana iya ƙin buhun gero ta karɓi mai naƙuda, ta ƙi kawu ranar kasuwa ta amsa masa ranar jana'iza. A'ar da aka ƙera da ƙarfe makauniya ce, ba ta bambanta rago da matar yaya. Don ya huta da kunyar zaɓe, sai ya cire wa kansa ikon zaɓen gaba ɗaya, kuma ya yi haka yana sane. Daren da ya so ya ce to da dukkan zuciyarsa, yana tafe bayan shanu da fitilar waya, ya tarar ya riga ya sayar da wannan to ɗin ga mai gareji tun watanni da suka wuce. Ikon mutum a kan abinsa ya haɗa da ikon hanawa, ban musa ba. Abin da nake shakka shi ne ko ya haɗa da ikon ɗaure hannunsa da gangan don kada a ga shi ne ya hana.

Wani abokin aikina, malamin falsafa, ya ƙalubalance ni a ɗakin malamai. Ya ce idan haka ne, wanda bai sayi mota ba sam, ya zuba kuɗinsa a shadda da agogo, shi ma ya hana mai naƙuda mota, me ya sa ba a zarge shi ba? Hujja ce mai ƙarfi, kuma na yini ina juya ta. Abin da na iya ce masa shi ne, wanda bai saya ba bai sa kowa ya sa rai ba. Ranar da labari ya isa ƙauye cewa ɗan gidan wane ya yi mota, lissafin mutane ya sauya: tsohuwa ta rage fargabar ciwon dare, magidanci ya daina lallashin mai akori-kurar garin gaba. Ko ya so ko bai so ba, sayen ya zama alkawari a kunnen waɗanda suka yi masa tarbiyya, suka sayar da akuya don kuɗin littattafansa. Abokin nawa ya ce alkawarin da mutum bai ɗauka da bakinsa ba ba ya binsa. Na ce rabin abin da ke binmu a duniya ba mu ɗauke shi da baki ba, tun daga haƙƙin iyaye. Ƙararrawa ta buga, kowa ya nufi ajinsa, ba wanda ya sallama.

Shi kuwa yaron bai mayar da motar yadda take ba. Kayan gyara sun yi tsada tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023, fatake suka koma zagayowa ta Lome, kuma na lura har yanzu yana son ta a haka. Abin da ya yi shi ne ya saya wa ƙanensa babur a ƙauye, ya kuma yi magana da wani mai akori-kura a garin da ke kusa cewa duk daren da aka buga masa waya daga gidansu ya tafi, kuɗin mai da na wahala a kansa. Yayansa ya ce hakan ya yi. Innarsu ta ce ita dai har yau ba ta ga motar ɗanta a ƙofar gida ba, sai a hoto.

Ranar da muka rabu a fada ya ce lalle sai ya kai ni gida. Na shiga gaba, ciki sanyi da ƙamshi, waƙa na tashi a hankali, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin yadda mutane ke waiwayenmu. Da muka iso tudun rage gudu na bakin makarantarmu sai ya tsaya cak, ya karkata kan motar zai hau shi a kaikaice, ya dube ni cikin jin nauyi ya ce: "Mushe, ku yi haƙuri, sai kun ɗan sauka." Na fita na tsaya a gefen hanya da jakar takardun jarrabawa a hammata, masu kabu-kabu suna ta yi mana oda, har ya lallaɓa ya tsallake, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, sannan na buɗe ƙofa na koma.